Soson Da Ke Kafaɗata

Jama'a, ku bari in kurɓi ruwa tukuna. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna cewa, "Auta, ki faɗa masa gaskiya mana," to ku matso kusa, yau ranarku ce. Ku kuma da yau kuka fara karanta ni, sannunku da zuwa, ku samu wuri ku zauna in ba ku labarin a gurguje.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi. Shagona a jikin gidanmu yake, tsohon garejin Abbanmu ne aka gyara min, yana da ƙofa ta waje don masu kawo ɗinki, da wata ƙarama da ta ɓulla falonmu. Shekarata ashirin da shida, ni ce auta, duk yayyena sun yi aure sun bar ni da Umma. Ina kuma da wani sirri da babu wanda ya sani sai ni, sai Umma, sai Gwaggo ƙanwar Abbanmu. Kafaɗata ta hagu ta fi ta dama sauka da kusan yatsa biyu, ƙuguna ma ya ɗan karkace. In ina tafiya, gefe ɗaya na rigata yana sharar ƙasa, ɗayan yana sama.

Amma ba za ku taɓa gani ba, don ba a banza nake tela ba. Duk rigar da na mallaka akwai soso a kafaɗar hagu, na yanka shi siriri na ɗinke a ƙarƙashin shafi, sannan in rage inci guda a gefe ɗaya na ƙasan rigar. Shekara shida kenan ina wannan aikin.

Dalili kuwa, shekara shida da suka wuce na yi wani saurayi, magana har ta yi nisa. Mahaifiyarsa ta zo gidanmu, na ɗauko tiren lemo na ratsa falo na ajiye a gabanta. Wannan 'yar tafiyar ce ta kashe maganar. Bayan kwana uku ya daina ɗaukar wayata, sai ta bakin Gwaggo muka ji cewa matar ta ce yarinyar a karkace take, ba za a haifa mata jikoki a karkace ba. Na yi kuka har na gode wa Allah. Tun daga ranar Umma ta kafa doka: ba na fita ko ƙofar gida babu soso, kuma duk wanda ya zo neman aurena ba zai sani ba sai bayan an ɗaura.

Sai ga Mai Ɓata Keke. Haka na rubuta sunansa a wayata, kuma har yau ban canza ba. Mai gyaran kekunan ɗinki ne, dogo, mai wushirya, hannunsa kullum da ƙamshin man keke. Shekara biyu da suka wuce kekena ya fara tsallake ɗinki, wata mai kawo min aiki ta ba ni lambarsa. Ya zo ya gyara tas, ya tafi. Da na zauna zan taka, sai ƙafata ta faɗa wayam. Feda ba ta inda na san ta.

Ku da ba teloli ba, bari in yi muku bayani. Babban keken lantarki yana da feda a ƙasa, ita ake takawa ya yi gudu, an ɗaure ta da noti biyu a jikin wani dogon ƙarfe. Tawa a can ƙarshen dama take tun da na san keken. Na Gwaggo ne, a kansa ta koya min ɗinki ina 'yar shekara goma sha huɗu, a haka kuma ta bar min shi. Sai in miƙa ƙafar dama can, in kwanta da gwiwar hannun hagu a kan tebur ina tura yadi. In ba haka na zauna ba, wallahi ɗinkina ba ya miƙewa. Shi kuwa bawan Allahn nan ya kwance ta ya dawo da ita tsakiya.

Na kira shi raina a ɓace. "Malam, wa ya aike ka?"

"Ranki ya daɗe, me ya faru?"

"Ɗinki na ce yana tsallakewa, ban ce ka sauya min zaman keke ba. Ka zo ka mayar min da fedata inda ka same ta."

Ya zo da sufanarsa yana 'yar dariya, ya mayar. Bayan wata uku ya zo duba keken, ya sake dawo da ita tsakiya. Na sake kira, na sake faɗa, ya sake zuwa. Sau bakwai, jama'a, na ƙirga! Tun a na uku na ce a raina, af, ashe dabara ce, so yake ya riƙa ganina sau biyu. Kaina ya yi girma, har kwalliya nake yi kafin in kira shi in yi masa masifa. A na huɗu ne, yana durƙushe a ƙarƙashin tebur ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Uwar ɗakina, in na ce ina sonki, za ki ƙara faɗan ko za ki rage?" Na ce zan ƙara. Kuma na ƙara ɗin, amma tun daga ranar zuciyata ta bi shi.

Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Ina sonsa har ina jin tsoro. Na rubuta masa saƙon gaskiya ya fi sau ashirin, in kai har "akwai abin da ban faɗa maka ba game da jikina," sai in tuna tiren lemon nan, in goge.

To ranar Alhamis da hantsi ina yankan hannun wata riga, saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki. Yayata tana son zuwa ta gan ki ranar Asabar da yamma. Ita ce idon Mamanmu, abin da ta gani shi Mama ta gani."

Na yi tsalle har almakashi ya faɗi. Na rubuta, "Allah ya kawo ta lafiya. Wane aiki take yi ne, don in san hirar da zan yi mata?"

"A asibiti take. Ɓangaren da ake gasa wa mutane jiki, ana koya musu motsi bayan karaya ko ciwon baya."

Na sake karanta saƙon. Duk matan duniya a rasa wadda za a turo min sai wadda aikinta kenan tun safe har yamma, kallon yadda mutane suke tsayuwa da tafiya! Na shiga falo da gudu na miƙa wa Umma wayar. Ta karanta, ta dafe ƙirji, ta kira Gwaggo. Kafin azahar Gwaggo ta iso tana haki, mayafi a hannu.

"Ni dai na sha faɗa," in ji Gwaggo tun kafin ta zauna, "wannan abu ba daga wajenmu ba ne. Duk danginmu a miƙe muke kamar sanda."

Umma ta ce, "To daga wajenmu ne? Wa kika taɓa gani a karkace a gidanmu?"

"Ni ban kama suna ba."

Na ce, "Don Allah ku bar rabon gado, ku faɗa min yadda zan yi."

Nan suka haɗa kai suka tsara komai. Ranar Asabar zan rufe shago, a sa kwaɗo ta waje don kar wani ya sa ni tashi. Kafin baƙuwa ta iso zan zauna a ƙarshen doguwar kujera, a sa min matashi a ƙarƙashin gwiwar hannun hagu. Ba zan miƙe ba har ta tafi, gaisuwa ma daga zaune zan ɗan zamo in yi. Umma ce za ta kawo lemo, Gwaggo ce za ta yi rakiya. Sannan Gwaggo ta ce soso ɗaya ba zai ishi idon ma'aikaciyar asibiti ba, in ninka shi biyu. Na ce kamar zai yi yawa. Ta ce ita ta koya min ɗinki, ba ni na koya mata ba.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata koriya mai duhu, mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi ruwan madara na ninka shi a kafaɗar hagu. Na fesa turare har Umma ta yi atishawa. Tun ƙarfe uku aka dasa ni a kujera. Kafin huɗu ta yi bayana ya fara ƙuna, amma ko motsi ban isa in yi ba, Gwaggo tana harara ta.

Ƙarfe huɗu da rabi yayarsa ta yi sallama. Gajeriya ce, mai jiki, da tabarau da takalmi marar tsini, tana magana da sauri tana dariya da dukkan fuskarta. Wushiryarsu iri ɗaya da ƙanenta. Nan take na ji ta kwanta min, wanda hakan ya ƙara min tsoro. Aka gaisa, aka sha lemo, ta tambayi Umma hawan jini, ta yaba labulen falo. Ta kalle ni ta ce, "Ashe dai ƙanena yana da ido." Na sunkuyar da kai ina murmushi, a raina ina cewa Allah ka sa a tashi a haka.

Sai ta buɗe jaka ta zaro yadi shuɗi.

"An ce hannunki yana da kyau. Tashi mu je shago ki auna ni, ƙanwata, ina da taro ƙarshen wata."

Gwaggo ta yi caraf ta ce, "Ai ba sai kin wahala ba, 'yata, ki aiko da tsohuwar rigarki a ɗauki awo a jiki."

"Wace tsohuwar riga, Gwaggo? Duk sun matse ni, ƙiba nake yi kamar ana hura ni. Taso mu je."

Na kalli Umma, Umma ta kalli silin. Babu yadda zan yi. Na miƙe. Daga kujerar zuwa ƙaramar ƙofar shago taku goma sha ɗaya ne, ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Kuma matar nan ba ta shiga gabana ba, bayana ta biyo.

A shago na kunna fitila, na ɗauko tef, na fara. Kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu. Ina aunawa ina rubutawa. Na durƙusa zan ɗauki tsawon riga kenan, sai na ji ta ce a hankali, kamar mai tambayar farashin zare:

"Soson nan ya yi kauri. Guda nawa kika sa? Har ya ɗaga miki hagun ta wuce dama."

Tef ya faɗi. Wayyo Gwaggo, kin kashe ni! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na zauna daɓas a kan buhun ƙyallaye ba, hawaye suka ɓalle.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Ba yaudara na yi niyya ba. Haka aka halicce ni, kuma..."

"Wa ya ce miki haka aka halicce ki?"

Na ɗago. "Haka kowa ya ce."

"Kowa ya duba ki? An taɓa kai ki asibiti?"

"A'a. Umma ta ce in aka je, magana za ta fita."

Ta yi tsaki, ta tura ƙofa ta murɗa makulli. "Share hawayen nan. Cire rigar da takalmin, ki tsaya a gaban madubi."

Jama'a, shekara shida rabon da wani ya ga kafaɗuna yadda suke. Na tsaya daga ni sai 'yar shimi da siket, ina kallon ƙasa. Ta zagaya ni sau biyu. Ta ce in sunkuya in saki hannuwa kamar zan taɓa yatsun ƙafa, ta bi ƙashin bayana da babban yatsa tun daga wuya har ƙugu. Ta ce in jingina da bango in ɗaga hannu biyu sama. Na dama ya taɓa bango, na hagu ya tsaya a hanya, na yi na yi ya ƙi. Ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Ta farko na tsaya cak, ta biyun kuwa sai da na kama teburin guga. Ta danna min wani wuri tsakanin haƙarƙari da ƙugu a hagu, na yi ƙara har Gwaggo ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo, allura ce ta soke ta!" in ji Anti. Ni da nake kuka sai ga ni ina dariya.

Ta share yadin da ke kan teburin yanka ta ce in hau in kwanta rigingine. Ta tsaya ta wajen kaina ta daɗe tana kallo.

"Kina ciwon kai da yamma, daga ƙeya yake tasowa?"

"E."

"Bayanki yana riƙewa in kin tashi daga keke, sai kin dafa kafin ki miƙe?"

"Kullum."

"Sauko ki zauna a keken nan yadda kike zama in kina aiki. Kar ki gyara don ina kallo."

Na zauna. Na miƙa ƙafar dama can ƙarshe na sami fedata, na kwanta da gwiwar hannun hagu a tebur, na kai fuska kusa da allura. Sai ta tafa hannu.

"Ga ɓarawon nan! Shekara nawa kina zama haka?"

"Goma sha biyu."

"Awa nawa a rana?"

"Takwas. In aiki ya yi yawa, goma."

"To ki saurare ni. In kin haɗa yadi biyu za ki ɗinka, kika ja ɗaya kika saki ɗaya, yaya ɗinkin yake fitowa?"

Na ce, "Sai ya tattare, ya murɗe."

"Abin da kika yi wa jikinki kenan. Tsokar gefen hagu ta saba da naɗewa har ta gajarce ta yi tauri, ita ke jan kafaɗar ƙasa. Wadda ya kamata ta riƙe allon kafaɗar ta baya kuma ta yi sanyi, ta manta aikinta. Ƙafa ɗaya tana aiki, ɗaya tana hutu, ƙugu ya bi mai ƙarfin. Ba zan rantse miki ba sai an ɗauki hoto, amma da kika sunkuya bayanki bai yi tudu a gefe ɗaya ba, da kika kwanta kuma kafaɗun nan sun kusa daidaita. Ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an kwanta."

Na ji kamar ban ji daidai ba. "Anti, kina nufin... zai iya gyaruwa?"

"Ba a kwana ɗaya ba. Watanni za ki yi kina miƙa wannan, kina ƙarfafa wancan, za ki zage ni a ranki ba sau ɗaya ba. Amma ina sa rai sosai. Kuma ko bai koma daidai ɗari bisa ɗari ba, ciwon nan zai ragu." Ta rage murya. "Gwaggonki ma a keken nan ta yi aiki, ko? Na ga tafiyarta da ta tashi ɗauko kofi."

Na toshe baki da hannu biyu. Danginmu a miƙe muke kamar sanda! Kai, Allah mai iko. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ina yi hawaye na zuba. Shekara shida ina jin kunyar halittata, ashe noti biyu ne.

Sai tsoron ya dawo min gaba ɗaya. Na kama hannunta.

"Anti, alfarma ɗaya. Kar ki faɗa masa. Wallahi ni zan faɗa masa da bakina, ki ba ni kwana biyu kawai. In ya ji a wajenki zai ce na ha'ince shi, kuma in ya tafi, ni ban san yadda zan yi ba."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Sai ta fashe da dariya, har sai da ta cire tabaraun ta goge ido. Ta ɗauko wayarta ta daɗe tana ja da baya, sannan ta miƙo min.

Hoton ƙarƙashin kekena ne. Ga fedata a ƙarshen dama, gefenta ɗaya ya cinye yana ƙyalli. Hoto na biyu teburina ne, daidai inda gwiwar hannuna ta goge fentin ya yi fari. Na duba kwanan wata. Ranar da ƙanenta ya fara zuwa shagona ce. A ƙasa ya rubuta:

"Yaya, wanda yake zama a keke haka, me zai same shi?"

Ta amsa, "Kafaɗa da baya. Waye?"

"Wata tela. Kafaɗarta ɗaya ta sauka, ta ɗinka soso a riga. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, babu mai ganewa. Da ta sunkuya ɗaukar almakashi ne soson ya tsaya, kafaɗar ta sauka. Kuma tana yawan dafa bayanta."

"Ka dawo mata da fedar tsakiya."

Washegari ya rubuta, "Ta sa na mayar. Har da faɗa."

"To ka faɗa mata dalili mana."

"A'a, Yaya. Wadda ta sha wannan wahalar don ta ɓoye abu, ba ni zan tona mata ba. Zan ci gaba da matsarwa, wata rana ko ta gaji ta bari, ko ta yarda da ni ta faɗa min."

Na ja ƙasa. Bayan wata uku: "Ta sake sa na mayar." Bayan wasu watanni: "Yau ma na sha faɗa. Yaya, ina jin fa aurenta zan yi."

Jama'a! Jama'a!! Tun kafin ya san sunana ya sani. Tun kafin ya ce yana sona. Duk kwalliyar da na yi, duk gyaran mayafin da nake yi in zai shigo, duk saƙon da na rubuta na goge, mutumin nan yana sane, ya yi shiru yana kwance noti yana ɗaurewa. Ni kuma ina can ina fankama wai dabarar ganina yake yi. Na rungume wayar Anti a ƙirji ina tsalle a tsakiyar shago da 'yar shimi, tana cewa in ba ta wayarta kar in fasa.

"Shi ya roƙe ni in zo," in ji ta. "Ya ce ciwon bayan ya fara yawa, jiya ma ya ga kin kasa ɗaga dutsen guga da hagu. Ya ce ba zai iya jira ki gaji ba."

Sai tawa wayar ta yi ƙara a kan tebur. Mai Ɓata Keke.

"Ina ƙofar gida, na zo ɗaukar Yaya. Sufanata tana aljihu. Wannan karon in matsar, ko za a sake kira na a yi min faɗa?"

Na ajiye wayar. Na ɗauko koriyar rigata, na juya ta, na ɗauki reza. Ɗinkin da na yi da hannuna daren Juma'a na farke shi cikin minti ɗaya. Soso biyu suka faɗo. Na sa rigar, kafaɗar hagu ta yi laushi ta sauka, na kalli madubi, na ga kaina. Na yafa mayafin a kai kawai, ban ninka komai ba.

Ƙofar waje da kwaɗo, dole ta falo zan bi. Ina fitowa Umma ta miƙe tsaye.

"Auta! Ina kafaɗarki?"

Na kama hannunta na sa mata soson a ciki. "Ga ta, Umma. Ki ajiye min, na gama da ita."

"Kin haukace ne? Yana waje fa!" Muryarta ta karye. "Auta, ni na zauna da ke wancan karon, ni na riƙa ba ki abinci a baki. Ba zan iya sake ganin haka ba."

Na rungume ta. "Ya sani, Umma. Tun ranar farko ya sani."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, Anti ta riga ta. "Gwaggo, ranar Litinin ki rako ta asibiti. Ke ma ki zo da kaya marasa nauyi, zan duba ki."

"Ni? Me ya same ni?"

Ban tsaya jin amsar ba. Na ratsa tsakar gida da gudu-gudu, na ja ƙofa.

Yana tsaye jikin ƙofar shagona, ya sa farar riga da ban taɓa ganinsa da ita ba, ga kan sufana ya leƙo daga aljihu. Ya kalli fuskata, ya kalli kafaɗata, bai kawar da ido ba, bai kuma yi kamar bai gani ba. Wushiryar nan ta bayyana.

"Sannu da fitowa, uwar ɗakina. Shekara biyu ina jiranki."

"Mugu," na ce, ina dariya ina share ido. "Ka bar ni ina ta yi maka masifa."

"Ai masifar ma ina so. Fedar fa?"

"Ka matsar. In na kira ka ina faɗa, kar ka zo."

"Zuwa kam zan zo, mayarwa ce ba zan yi ba." Sai ya sosa ƙeya, ya waiga tsallaken titi inda wata farar mota take a ƙarƙashin bishiya. "Af, Yaya ba ta faɗa miki ba? Ba ni kaɗai na zo ba. Mama ta ce ba za ta iya jiran rahoto ba."

Gilashin bayan motar ya sauka a hankali. Wata dattijuwa da farin mayafi ta gyara zaman tabarau, ta leƙo.

Na daskare. Soson yana hannun Umma, rigata a saɓule a gefe ɗaya, ƙasanta ba daidai ba. Tsakanina da motar nan ya fi tsawon falonmu sau biyu, fili fetal, babu kujera, babu matashi, babu inda zan ɓuya. A bayana na ji numfashin Umma a bakin ƙofa tana salati ƙasa-ƙasa.

"Ita ma ta sani?" na tambaye shi ba tare da na motsa leɓe ba.

"Ban faɗa mata ba. Na ce wannan maganarki ce, ba tawa ba."

Dattijuwar ta ɗaga hannu ta yafito ni. "Taho mana, 'yata. Tako nan in gan ki da kyau."

Ya matso ya tsaya a gefena na hagu, ya ce a hankali, "In kina so in kawo motar nan."

Na ce, "A'a, bar ta a can."

Na saki bakin mayafin da na damƙe, na ɗaga kaina, na yi bismillah, na sauka kan titi.